Ƙarfen Zuciya Ba Ya Sallamar Kowa Daga Shan Magani

Yau ƙorafi na zo da shi, wanda na daɗe ina haɗiyewa har ya ƙi haɗiyuwa.

A daminar da ta wuce wani magidanci ya tsaya a tagar ɗakin magani na asibitin da nake aiki, riƙe da leda cike da kwalayen magani, babu ko ƙwaya ɗaya a cikinsu. Mahaifinsa aka kwantar da asuba a ɗakin gaggawa, likita kuma ya aiko shi ya nuna mini abin da dattijon yake sha. Na juya kwalayen na ga rubutun ƙasar waje, na ga aspirin da clopidogrel da atorvastatin. Na tambaye shi yaushe suka ƙare, ya ce an kusa sati uku. Na ce, "To me ya hana ku sayo wa Baba wasu?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai Likita, an yi masa aiki. Ƙarfe har biyu aka sa masa. Mun ɗauka maganin na jinyar aikin ne, tunda ya ƙare shi ke nan."

Wata uku kafin wannan rana iyalin suka sayar da gonar gado suka kai dattijon ƙasar waje. Abin da ke damunsa a lokacin nauyin ƙirji ne idan ya yi doguwar tafiya ko ya hau bene, da ya zauna ya huta sai ya sake shi. Bai taɓa samun bugun zuciya ba. Aka sa masa ƙarafa biyu, aka sallame shi da maganin wata biyu da takarda cikin Turanci wadda ba wanda ya zauna ya fassara musu. Da maganin ya ƙare, jini ya daskare a cikin ɗaya daga ƙarafan ya toshe jijiyar ɗungurungum. Bugun zuciyar da aka sayar da gona don a guje masa, a cikin ƙarfen da aka saya ya auku. Bai kai la'asar ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Na san kwana idan ya ƙare ba makawa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda ya yi sakaci ba, kuma a wannan al'amari masu sakacin suna da yawa, har da mu ma'aikatan lafiya. Matsayina shi ne mun juya wannan aiki a baibai. Daren da gaggawa ke ceton rai muna zaune muna jiran gari ya waye, a watannin da ake da lokacin tunani kuwa muna gudu muna sayar da kadara. Bayan an yi aikin sai mu yar da ƙwayoyin da su ne ke riƙe da shi. Binciken shekaru da dama ya nuna kuskuren kowane ɗaya daga cikin waɗannan, amma sakamakonsa bai isa kunnen masu biyan kuɗin ba.

Bari in fara da bayanin aikin kansa. Ana zura wani siririn bututu mai laushi, wanda ake kira kateta, ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, a bi da shi har bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Sai a tura ruwa mai bayyana a hoto don a ga inda kitse ya matse hanya. Idan za a buɗe wurin, ana hura ɗan balan-balan a ciki, sannan a bar wata 'yar ragar ƙarfe mai suna sitent ta tokare bangon jijiyar. Ita ce mutanenmu ke kira ƙarfe. Wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, shi ya fara zura bututu ta hannunsa har cikin zuciyarsa a 1929. Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik a watan Satumba na 1977, aka sa ƙarfe na farko a Faransa a 1986, sannan ƙarafa masu sakin magani a hankali suka shigo kasuwa a 2002 da 2003. Babbar fasaha ce, ban zo in rage mata daraja ba. Tambayar da na zo da ita ita ce: wa take ceta, wa kuma take sauƙaƙa wa ciwo kawai?

Hankali yana ba mutum cewa idan hanya ta matse aka buɗe ta, an kawar da haɗari. Likitoci ma haka suka ɗauka shekara da shekaru, har aka gwada. A 2007 aka fitar da sakamakon binciken COURAGE, wanda aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 2,287 masu irin ciwon dattijon nan, wato ciwon ƙirji mai zuwa da wahala ya tafi da hutu. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka buɗe musu jijiya aka haɗa da magani, rabi aka bar su da magani da gyaran rayuwa kaɗai. Bayan kimanin shekara huɗu da rabi, waɗanda suka rasu ko suka samu bugun zuciya sun kai kashi 19 cikin 100 a ɓangaren da aka yi wa aiki, kashi 18.5 a ɓangaren magani. Wato ba cinya ba, ƙafar baya.

Masu kare aikin suka ce ƙarafan wancan lokaci tsofaffin yayi ne, kuma ba a zaɓi masu tsananin ciwo ba. Hujja ce mai ma'ana, don haka aka sake gwaji mafi girma. Binciken ISCHEMIA, wanda aka wallafa a 2020, ya ɗauki mutum 5,179 a ƙasashe 37, dukkansu gwaji ya nuna jini ba ya isar wani sashe na zuciyarsu sosai idan sun motsa jiki. Rabi aka kai su ɗakin kateta tun farko, aka sa ƙarafan zamani ko aka yi tiyatar sauya hanya ga wanda ya dace. Rabi aka fara da magani, aka ajiye aiki sai in maganin ya gaza. Bayan shekara uku da 'yan watanni, mutum 145 suka rasu a rukunin aiki, 144 a rukunin magani. A watannin farko matsala ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa aiki saboda haɗarin aikin kansa, daga baya ta ɗan ragu a wurinsu, lissafin ya tashi kusan kunnen doki.

Akwai kuma binciken da ya fi tayar da ƙura, ORBITA, da aka yi a Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Dakta Rasha Al-Lamee aka wallafa a 2017. Mutum 200 masu matsewar jijiya ɗaya aka fara daidaita wa magani na sati shida. Sannan kowa ya shiga ɗakin aiki, aka sa masa abin sauraron kiɗa a kunne, aka ba shi maganin barci. Wasu aka sa musu ƙarfe, wasu aka zare bututun ba a sa komai ba, duk da amincewarsu tun farko cewa hakan na iya faruwa. Ba wanda ya san rukunin da ya faɗa. Bayan sati shida, bambancin ƙarin lokacin da suka iya yi suna tafiya a kan injin gwaji bai kai daƙiƙa 17 ba, abin da masu lissafi ba su ɗauke shi bambanci tabbatacce ba. Wannan ya nuna cewa wani kaso na sauƙin da mutum ke ji bayan aiki daga yaƙininsa na cewa an gyara shi yake fitowa.

Dalilin wannan sakamako ba boyayye ba ne ga wanda ya san yadda cutar take. Kitsen da ke taruwa a bangon jijiya ba a wuri ɗaya yake zama ba, yana warwatse a duk tsawon jijiyoyin. Bugun zuciya yana faruwa ne idan ɗaya daga cikin tarin kitsen ya tsage, jini ya daskare a kansa cikin mintuna. Sau da yawa wanda ke tsagewar ƙarami ne mai laushi da bai matse hanya sosai ba, wanda ko a hoto ba zai ɗauki hankali ba. Ƙarfe yana gyara wurin da bai wuce tsawon gaɓar yatsa ko biyu ba. Sauran jijiyar sai maganin rage kitse, da aspirin, da daidaita hawan jini da suga, da barin taba. Wanda ya ɗinke ɓaraka ɗaya a tsohon buhu ba zai ce ya sabunta buhun ba.

Adalci ya wajaba a nan, don kada wani ya ɗauki maganata ya ƙi aikin da yake buƙata. Waɗanda suka yi ORBITA sun sake wani a 2023 kan mutum 301, a wannan karon aka dakatar da magungunan rage ciwon ƙirji. Ƙarfe ya yi aiki: kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sun rabu da ciwon, a rukunin da ba a sa wa ba kuwa kimanin kashi 15. ISCHEMIA ma ya nuna cewa mai fama da ciwon ƙirji a kai a kai ya fi samun sauƙi idan an buɗe jijiyar. Saboda haka mutumin da ciwo ya hana shi zuwa masallaci ko kasuwa duk da magani, ko wanda jikinsa ya ƙi magungunan, yana da kyakkyawan dalilin yin aikin. Haka kuma ISCHEMIA bai haɗa da masu matsewar babbar jijiyar hagu ba, da waɗanda ƙarfin zuciyarsu ya ragu ƙwarai, da waɗanda suka samu bugun zuciya kwanan nan. Waɗannan hukuncinsu daban ne, wasunsu ma tiyata ta fi dacewa da su. Abin da nake ja da shi shi ne a kalli mai ciwon da ya lafa a ce masa in ba a sa ƙarfe cikin satin nan ba zai faɗi ya mutu. Wannan maganar bincike bai goyi bayanta ba.

Yanzu ga inda kateta ke ceton rai, wanda nan ne muka fi yin sakaci. Idan jijiya ta toshe gaba ɗaya, naman zuciya yana fara mutuwa cikin ƙasa da awa guda, abin da ya mutu kuma ba ya dawowa. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 23 a 2003 ya nuna cewa a irin wannan hali, waɗanda aka buɗe wa jijiya da kateta kashi 7 cikin 100 suka rasu a makonnin farko, waɗanda aka yi wa allurar narkar da gudan jini kuwa kashi 9. Ka'idar da likitocin zuciya ke bi ita ce in za a iya kai mutum ɗakin kateta cikin awa biyu a kai shi, in ba zai yiwu ba a yi masa allurar nan take in babu abin da ya hana. Allurar ta fi amfani a sa'o'in farko, bayan awa 12 kuma amfaninta ya kusa ƙarewa.

Mu kuwa me muke yi? Magidanci zai ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, gumi na keto masa, ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, sai a ce olsa ce ta tashi. A aika yaro kemis ya sayo farin ruwan maganin ciki, a jiƙa kanwa, a ce a bari zuwa safe. Da safe kuma a tsaya neman shawarar yaya da ke wani gari. Ɗakunan kateta kaɗan ne a ƙasar nan, galibinsu kuma a manyan birane suke, wannan gaskiya ne. Amma awon zuciya na ECG da aspirin ana samunsu a asibitoci da yawa, kuma ba wanda zai iya taimakon majinyacin da bai zo ba. Ciwon ƙirji mai nauyi da ya wuce minti 15 bai lafa da hutu ba, a kai shi asibiti a daren. In ba ya da ƙyan jiki ga aspirin kuma ba ya zubar da jini, ya tauna miligiram 300 a hanya. Masu ciwon suga da mata da tsofaffi a kula da su ƙwarai, domin nasu yakan zo da haki da kasala da amai kawai.

Haka abin yake ga shanyewar ɓarin jiki. Binciken MR CLEAN na ƙasar Holan, kan mutum 500, ya nuna a 2015 cewa zaro gudan jini daga babbar jijiyar ƙwaƙwalwa da kateta cikin awa shida ya ɗaga yawan masu komawa su kula da kansu daga kashi 19 zuwa kusan 33 cikin 100. A nan kada a ba da aspirin sai an yi hoton kai, don wani shanyewar zubar jini ne ke kawo shi. Akwai kuma balan-balan ɗin da likitan Japan Kanji Inoue ya ƙirƙiro, mai buɗe ƙofar zuciyar da ta tsuke sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba, cutar da har yanzu take kama 'yan matanmu, ta kuma tsananta idan sun samu ciki. Waɗannan su ne ayyukan da ya kamata mu matsa wa hukumomi su kawo kusa da mu.

To laifin wa? Na farko dillalan fita waje neman magani, waɗanda ladarsu ke ƙaruwa da girman aikin da aka yi. Mutumin da abincinsa ya dogara ga tafiyarka ba shi ne zai ce maka zauna ka sha ƙwaya wata uku mu gani ba. Na biyu duk likitan da zai nuna wa iyali hoton jijiya a matse, ya ga tsoro ya kama su, ya yi shiru bai gaya musu abin da bincike ya nuna ba. Gani ya kori ji, hoton nan kuwa yana da ban tsoro. Sa hannun da aka karɓa daga mutumin da ya zaci ransa yake saya, alhali sauƙin ciwo ake sayar masa, ban ɗauke shi cikakkiyar amincewa ba. Na uku mu iyalai, da muke auna magani da tsadarsa da nisan inda aka samo shi. Ɗa yana ganin in bai kai mahaifinsa Indiya ko Masar ba za a ce bai yi ƙoƙari ba, amma ba ya ganin zuwa sayen ƙwaya duk wata a matsayin biyayya. Na huɗu mu masu harhaɗa magunguna. Sau nawa muke miƙa clopidogrel ta taga mu ce "ɗaya kullum," ba mu tambayi dalilin shansa ba, ba mu ce kada a kuskura a tsaya ba? Minti biyu na bayani da sun iya canza labarin dattijon nan, ko a can ko a nan.

Wani zai ce ai mai magani dole ya yabi magani, ciniki yake nema. Amsata ita ce albashina ba ya ƙaruwa da ko kwabo don ka sha atorvastatin, kuma waɗanda suka jagoranci ORBITA likitoci ne masu sa ƙarfen da hannunsu. Su ne suka yi ƙarfin halin gwada sana'arsu. Wani kuma zai ce shan magani har abada wahala ne da kashe kuɗi, gara a yi aiki sau ɗaya a huta. Nan ne babban ruɗin yake. Wanda aka sa wa ƙarfe maganinsa ƙaruwa yake yi.

Ƙarfe baƙo ne a cikin jijiya, jini kuma yana son daskarewa a kan baƙon abu har sai fatar cikin jijiyar ta rufe shi. Shi ya sa ake haɗa magungunan tsinka jini biyu, aspirin da clopidogrel ko ticagrelor, yawanci na wata shida ga mai ciwon da ya lafa, shekara guda ga wanda ya samu bugun zuciya, sannan a ci gaba da ɗaya. Likitan zuciya kaɗai ke da ikon rage wannan wa'adi. Tsayar da su kafin lokaci yana cikin manyan dalilan toshewar ƙarfe, toshewar kuma sau da yawa ba ta ba da sanarwa.

Saboda haka wanda ke da mai ƙarfe a gida ya riƙe waɗannan. A sayo sabon magani saura sati guda tsohon ya ƙare, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In ba a samu kwalin da aka zo da shi daga waje ba, a kawo mana tsohon, sinadarin ɗaya ne ko da sunan kamfani ya bambanta, a dai duba lambar NAFDAC a kuma saya a amintaccen wuri. Kada a tsayar da magani don cire haƙori ko wata tiyata sai an tuntuɓi likitan zuciya. A bar ƙaho da tsaga a wannan lokaci, saboda jinin ba ya saurin tsayawa. A guji diclofenac da ibuprofen da piroxicam da haɗin "maganin gajiya" na kemis, domin suna jawo zubar jini a ciki. Omeprazole yana rage ƙarfin clopidogrel, in ana buƙatar maganin ciki a nemi a sauya zuwa pantoprazole. Mai shan ƙwayar ƙarƙashin harshe ko isosorbide kada ya kusanci sildenafil ko haɗe-haɗen ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsu ba, jininsa na iya faɗuwa warwas. In azumi ya gabato a je a tsara lokutan sha tun cikin Sha'aban. In kuma aka ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko jini ya ƙi tsayawa, asibiti za a nufa a ranar, kada a yanke hukuncin daina sha a gida.

Wanda kuma aka ce za a sa masa ƙarfe alhali ba a cikin halin gaggawa yake ba, yana da haƙƙin ya zauna da likita ya tambaya cikin ladabi: wannan aikin tsawon rai zai ƙara mini ko ciwo zai rage? Me zai faru in na fara da magani na wasu watanni? Wace jijiya ce ta matse, kuma yaya ƙarfin zuciyata yake? Wane magani zan sha bayan aikin, har yaushe, kuma wa zai riƙa duba ni in na koma gida? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In aka ga ana hanzarta ku ana hana ku jin ta bakin likita na biyu, to ruwa ba ya tsami banza.

Magidancin nan ya dawo bayan sadakar bakwai don ya karɓi wata takarda. Ya tsaya a tagar ya ce mini, "Likita, da wani ya gaya mana, ko bashi ne da mun ci mun saya." Kuɗin maganin wata guda bai kai abin da suka kashe a motar zuwa filin jirgi ba. Ban sami abin ce masa ba sai ta'aziyya. Ku da kuka karanta wannan, an gaya muku, ku kuma gaya wa na kusa da ku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.